Yadda Madam Ta Daina Magana a Ofishinmu

Na fara aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata a Gombe ina ɗan shekara ashirin da bakwai. Aikin sashen shi ne zaɓar ƙauyukan da za a haƙa wa rijiyar burtsatse, da zuwa duba wuri kafin a kai injin haƙa, da rubuta rahoto bayan an gama. Ofishin ɗaki uku ne da baranda. Daga gidanmu a Kagarawal nakan hau keke napep zuwa Bolari, daga nan in ɗauki babur, in isa kafin takwas da rabi idan ba a yi ruwa ba.

Mu tara ne a sashen, amma da mutum biyu na fi zama, don ɗakinmu ɗaya. Ta farko mace ce Batangala daga kudancin jihar, Kirista, wadda kowa ke kira Madam. Ta girme ni sosai, kuma ita ce ke bi wa Darakta a muƙami. Ita ta koya mini yadda ake buɗe fayil, da inda ake rubuta bayani a ciki, da yadda ake magana da mai unguwa ba tare da ya ji an zo yi masa fin ƙarfi ba. Ƙauyukan kudu ta san su kamar tsakar gidanta, na arewa ma ta taka mafi yawansu. Ƙanena take ce mini. Na biyun mai awon ƙasa ne daga Barno, wanda rikici ya taso shi da iyalinsa daga garinsu, ya samu aka karɓe shi aiki a nan. Injiniya muke kiransa. Hausarsa na da nauyin Barebari, kuma ba shi da yawan magana. Yana da 'yar butar shayi a ƙarƙashin teburinsa.

Daraktan da na tarar dattijo ne daga gabashin jihar. Ba na jin akwai wanda ya so shi a cikinmu. Ba ya yabon mutum, ba ya zuwa suna ko ɗaurin aure, gaisuwarsa ɗaga hannu ce. Kowace Litinin yakan tara mu a ofishinsa, har direba da masinja, kuma daga ƙasa yake fara tambaya. Sai direba ya faɗi halin da hanya take ciki, masinja ya faɗi abin da ya gani, mu ƙananan ma'aikata mu yi namu, sannan a zo kan Injiniya da Madam. Shi ne na ƙarshe. Addu'ar buɗe taro, wannan mako Musulmi, wancan mako Kirista. Da Hausa ake taron, ana haɗawa da Turanci. Wanda magana ta maƙale masa yakan faɗa da yarensu, in akwai mai ji ya fassara. Wani lokaci sai mu kai sha biyun rana a zaune, fanka tana ƙara, ana jayayya a kan rijiya ɗaya. Mun riƙa ƙorafi a bayan idonsa cewa yana ɓata mana lokaci. Ni ma na yi.

Na shekara huɗu a haka ya yi ritaya. Aka yi masa ɗan taron ban kwana da lemo da biskit, ya yi godiya a taƙaice ya tafi.

Wanda ya gaje shi bai kai shi shekaru ba, kuma mutum ne mai shiga rai. Ranar da ya zo ya bi mu tebur tebur yana tambayar iyali. Cikin wata ɗaya ya sa an gyara motar fili, ta zuwa ƙauyuka, da ta shekara a jingine, an kawo kwamfuta biyu. Da aka yi wa masinjanmu haihuwa shi ne na farko a wurin suna. A taronsa na farko, wanda shi ne kusan na ƙarshe, ya ce shi ba mai son zaman surutu ba ne, ƙofarsa a buɗe take, duk mai magana ya shigo kowane lokaci. Muka ji daɗi. Madam ma ta ce ai gara haka, aiki zai fi sauri.

Bayan ofishin akwai bishiyar dogonyaro inda muke shimfiɗa tabarmi mu yi Azahar. Tsohon Darakta yakan yi sallama ya tashi. Sabon kuwa yakan zauna. Ya aika a sayo gyaɗa ko rake, a ɗan taɓa hira. Hira takan gangara kan aiki: ƙauye kaza sun aiko da takarda, wane ne zai je, yaushe mota za ta samu mai. Ba wanda ya ce taro ake yi. Amma kafin a naɗe tabarma an riga an san wanda zai tafi da inda za a fara haƙa.

Darakta Bafulatani ne, biyu daga cikin abokan aikinmu ma haka. Ni mahaifiyata Bafulatana ce, a bakinta na tashi da harshen. In hira ta yi daɗi sai ta juya Fulatanci ba tare da kowa ya lura ba. Na sha ganin Injiniya yana zaune a bakin tabarma yana jan carbi, yana murmushi idan ya ga mun yi dariya. Bayan 'yan makonni sai ya koma da an sallame yana saka takalminsa ya shige ofis. Madam da sauran Kiristoci biyu na sashen dama ba su da abin da zai kai su ƙarƙashin bishiyar.

Na ga duk wannan. Ba zan ce ban gani ba. Amma ganin bai taɓa zame mini wani abu ba. Ina dawowa daga tabarma in zauna a teburina, Madam ta ɗago ta tambaye ni ko akwai labari, in ce mata babu wani abu, hira ce kawai.

Sannu a hankali fayil-fayil suka canja hanya. A da duk fayil ɗin rijiya sai ya bi ta teburin Madam kafin ya shiga wurin Darakta. Yanzu sai ya leƙo ya ce in kawo masa na ƙauye kaza, in ɗauka in kai. Wani lokaci in yana kan teburinta in ce, "Madam, Yallaɓai na son wannan," ta miƙo mini. Wata Laraba muna loda kayan awo a mota za mu fita fili, ta iso ofis ta tarar da mu. Direba ta tambaya ina za a je, shi ya gaya mata. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce mu kula da gadar da ke bayan kasuwar garin, ruwa ya ci gefenta. Muka tafi. Gadar kuwa haka muka same ta.

A cikin shekara ta biyu aka ce za a naɗa jami'i ɗaya da zai riƙa kula da duk ayyukan fili. Aikin da Madam ta daɗe tana yi ke nan, suna ne kawai ba a ba shi ba. A kan tabarma Darakta ya gaya mini cewa ni ya zaɓa. Ya ce yana son mai jini a jika wanda zai iya kira ko da yaushe, wanda suka fahimci juna. Na yi godiya. Da na koma gida na gaya wa matata, ta yi murna, ta dafa taliya da kifi. Na ci, na kwanta.

Takardar naɗin ta bi ta hannun Madam, domin ita ke duba wasiƙu kafin a sa hannu. Ina zaune ina kallonta tana karantawa. Ta ɗauki jan biro ta gyara kalma ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, ta ba masinja ya kai a sake bugawa. Sannan ta juyo ta ce, "Ƙanena, ina taya ka murna. Allah ya taya ka riƙo." Na ce amin. Injiniya ya zuba shayi a kofi uku kamar yadda ya saba, muka sha.

Bayan kwana biyu ina ofishin Darakta muna duba jadawalin tafiye-tafiye, ta ƙwanƙwasa ta shigo. Na yunƙura zan fita, ta ce in zauna, ba wani sirri ba ne. Ba ta zauna ba. Ta ce ta zo ne ta ji ko akwai laifin da ta yi, domin ta lura an daina neman ta a kan aikin da ta shekara ashirin tana yi, kuma in laifi ne gara a gaya mata ta gyara.

Darakta ya yi mamaki, kuma na yarda mamakin gaske ne. Ya ce subhanallahi, wane irin laifi, ai ita uwa ce a sashen nan. Ya ce shi bai taɓa bambanta kowa ba, Musulmi ko Kirista, kuma ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa ba. Ta ce ta san ƙofar a buɗe take, amma duk lokacin da ta shigo sai ta tarar an gama maganar. Ya ce ina aka gama ta? Sai ya juyo gare ni.

"Malam, kai shaida ne. An taɓa hana Madam magana a ofishin nan?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ba a taɓa ba."

Gaskiya na faɗa, ba a taɓa hana ta ba. Ta dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda take duba takarda. Ta ce to shi ke nan, ta gode, ta fita ta jawo ƙofar a hankali. Darakta ya girgiza kai ya ce mata sai haƙuri, wataƙila akwai abin da ke damunta a gida. Muka ci gaba da jadawalin. Na tuna har mun canja ranar tafiya ɗaya saboda ta faɗo ranar kasuwa.

Daga nan Madam ta daina tambaya. Tana zuwa a kan lokaci, ta duba wasiƙu, ta rubuta abin da ya kamata a duk fayil ɗin da ya faɗo teburinta, ƙarfe huɗu ta ɗauki jakarta. Ba ta canja mini fuska ba. Lokacin Kirsimeti ta kawo mana cincin da soyayyen naman kaza kamar kullum, ta ce Musulmi ne ya yanka, kamar yadda take faɗa duk shekara. Da yarona ya kwanta asibiti ta zo dubiya da ayaba.

Da rani aka zo kan wani ƙauye a kudu, a gindin dutse. Mutanen sun daɗe suna neman rijiya. Wani ɗan garin mai faɗa a ji ya zo ya ga Darakta, ya nuna fili kusa da makarantar firamare ya ce nan ya fi dacewa. A kan tabarma aka amince. Injiniya na hutu a lokacin, ya tafi ganin mahaifiyarsa, Darakta ya ce ba sai an jira shi ba, damina na tafe. Ni na jagoranci aikin. Kwana shida injin na haƙa. Mata da yara sukan taru a inuwa da jarkoki suna jira. Abin da ya riƙa fitowa garin dutse ne fari, ya rufe mana gashin ido. A rana ta shida mai injin ya kashe ya ce ko wata za a yi babu ruwa a nan. Mai garin ya zo ya tsaya a bakin ramin, ya ce mun gode da ƙoƙari. Matan suka ɗauki jarkokinsu suka nufi rafi. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana, sannan na shiga mota na ce wa direba mu tafi.

Da na zo rubuta rahoto na buɗe fayil ɗin tun daga farko, abin da ban yi ba kafin mu tafi. A shafi na uku daga ƙarshe akwai rubutun Madam, mai kwanan wata mako biyu kafin a kai inji. Layi biyar ne. Ta rubuta cewa an taɓa haƙawa a gefen makarantar nan shekarun baya ba a sami ruwa ba, dutse ne shimfiɗe a ƙasa, kuma ta ba da shawara a gwada gangaren da ke yamma da majami'a, bayan mai awo ya duba. A wancan lokacin ni na ɗauki fayil ɗin daga teburinta na kai wa Darakta. Shi ya buɗe shafin ƙarshe ya sa hannu.

Na ɗauki fayil ɗin na je gabanta na ajiye a buɗe. Na ce, "Madam, ashe kin sani."

Ta ce, "Na rubuta."

Na ce da ta gaya mini da baki. Ta ce ta yi tunanin haka, har ta tashi sau ɗaya, sai ta hango mu ta taga a ƙarƙashin bishiya muna dariya, ta koma ta zauna. Ta ce kuskurenta ne ita ma, kuma matan garin ne suka biya, wasunsu ta san iyayensu. Ta faɗi wannan tana jera takardu. Na koma wurina.

A rahoton na rubuta cewa yanayin ƙasar wurin ne ya hana samun ruwa. Ban ambaci shafin ba, Darakta bai tambaya ba. Ya ce irin wannan na faruwa, ruwa na Allah ne. Da Injiniya ya dawo ya karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ya rufe. Da yamma muna jiran keke a bakin titi ya ce mini shi ya saba, tun da ya zo garin nan baƙo ne, a sahu ɗaya ake sallah da shi amma ba da shi ake shawara ba, kuma ba ya ƙorafi tunda an ba shi wurin kwana da abin yi. Ya ce amma Madam fa a jiharta take. Keke ya zo, ya shiga, ni na jira na gaba don ba hanyarmu ɗaya ba.

Na yi niyyar yi wa Darakta magana. Na shirya abin da zan ce: a dawo da taron Litinin ko da na rabin awa ne, kuma a bar maganar aiki a kan tabarma. Sau biyu na shiga da niyyar, sau biyu ya tare ni da fara'a da wani sabon aiki, na fito da fayil a hannu. Ba tsoronsa nake ji ba, ba mutum ne da ake tsoro ba. Maganar ce kawai ba ta fito ba, ni kuma ban matsa mata ba.

Kafin ƙarshen shekarar Madam ta nemi a mayar da ita ofishin shiyya da ke kusa da garinsu. Ta ce mijinta ya yi ritaya, ga gona, ga mahaifiyarta ta tsufa. Duk gaskiya ne. Darakta ya sa hannu, ya ce rashi ne babba ga sashen. Shi ya shirya mata taron ban kwana, ya fi na tsohon Darakta armashi nesa ba kusa ba, har da shinkafa da atamfa turmi biyu. Ya yi jawabi mai kyau, ya kira ta ginshiƙin sashe. Ta tashi ta gode wa kowa da kowa, har mai shara. Aka ɗauki hoto. Ina tsaye a gefenta na dama a hoton.

Ni na kai ta tasha a Bolari da motar ofis, domin tana da kwalaye biyu na littattafai da tsofaffin taswirori nata na kanta. Muka tarar motar garinsu saura mutum uku ta cika. Na tsaya tare da ita a gefen wani mai gyaran taya. Ta gaya mini inda makullin kabad na biyu yake, da cewa kabad ɗin sai an ɗaga shi kaɗan yake buɗewa. Ta ce in riƙa karanta fayil daga baya zuwa gaba, in ba ni da lokaci ko shafi biyar na ƙarshe. Ina so in ce ta yafe mini, amma ban san ta inda zan fara ba, kuma ba ta bar gurbin da maganar za ta shiga ba. Kwandasta ya kira, ta shiga, ta ce in gaida iyali. Na koma ofis na iske an tayar da La'asar.

Darakta ya ƙara shekara biyu tare da mu, sannan aka yi masa ƙarin girma aka kai shi wata ma'aikata. A zamaninsa an haƙa rijiyoyi da yawa, mafi yawansu suna ba da ruwa har yau, kuma mutane na yabonsa. Injiniya ya koma Barno da abubuwa suka ɗan lafa. Daga cikin Kiristoci biyun da suka rage, ɗaya ya nemi canji, ɗayan na nan, yana zuwa yana tafiya. Ni ma ina nan. Wanda ke kan kujerar yanzu yana kiran taro idan babban sakatare zai zo.

Bara da rani aka sake sa ƙauyen nan na gindin dutse a jerin waɗanda za a haƙa wa. Na nemo lambar Madam a wurin direba na kira ta. Ta ɗauka a bugu na biyu, ta gane muryata. Na gaya mata abin da ake ciki. Ta yi mini bayani dalla-dalla: ta inda mota za ta bi ta isa gangaren, da gonar wanda za a ratsa, da dattijon da ya kamata a fara gaisarwa kafin a je wurin mai gari, don tsakaninsu akwai 'yar tsama. Na rubuta duka a bayan wata ambulan. Ta tambayi yarona, na ce ya shiga sakandare. Ta ce kai, lokaci. Ana ta hayaniya a bayanta, ta ce suna sussukar masara ne, sai an jima.

Muka haƙa a gangaren, aka sami ruwa a rana ta uku. Na tura mata saƙo ta waya na gaya mata. Washegari ta amso da cewa an gode Allah.